Jarrabawa da Lalas a Litinin Ɗaya

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 4:30 na yamma

Saura kwana ashirin.

Malamarmu Misis Lindqvist ta dawo mana da gwajin makon jiya, ni na zo ta ɗaya. Mu uku ne a ajin, amma ta ɗaya dai ta ɗaya ce. Colby Stoltz ya leƙa takardata ya ce, "Tessa, ke da gani ba ki da aikin yi a gida." Na buɗe masa tafin hannuna ya ga kantar da aiki ya yi masa, ya koma kan takardarsa.

Bari in rubuta maganar a nan, in huta da juya ta a kai. Darasin ilimin halittu da muke yi na 'yan shekarar farko ne a jami'a, mu muna yinsa tun a sakandare. Jarrabawarsa ta ƙasa baki ɗaya ce, rana ɗaya, lokaci ɗaya: Litinin 12 ga Mayu, takwas na safe. Maki daga ɗaya zuwa biyar. Na riga na ci irinta a wasu darussan, wannan ce ta ƙarshe. Jami'a ta rubuto cewa in na samu huɗu ko biyar, an yafe mini shekarar farko, aji biyu zan shiga kai tsaye. Shekara uku ke nan maimakon huɗu. Uku kuwa ita ce iyakar abin da gidanmu zai iya ɗauka. Baba ya faɗa mini haka tun bara muna kan dawakai, bai ko kalle ni ba. Ba jarrabawar nan, ba jami'a, ba maganar likitan dabbobi.

Biyar zan samu. Ba cika baki ba ne, na san abin.

Baba yana jihar Wyoming wajen ƙanensa, yana taya shi aiki.

Alhamis, 24 ga Afrilu, 6:15 na safe

Mama ta ɗaga kalanda tana neman wata rana, sai ga rubutun Baba a kan 12 ga Mayu da manyan baƙaƙe: LALAS.

Ba mantawa na yi ba. Litinin ta biyu a Mayu ita ce ranar da muke sa wa maruƙanmu tambari da ƙarfe mai zafi tun zamanin kakana, kamar yadda Asabar kafinta ta su Stoltz ce, Laraba bayanta ta tsoho Orval Hruska. Kowane gida da ranarsa daga yanzu har Yuni, kowa yana zuwa wa kowa da doki da igiya da ciki, babu ranar da ta rage a motsa. Tun Satumba na gaya wa Baba rana ta haɗu. Ya ce in tafi jarrabawata, ai ba ni ce mai riƙe ƙarfe ba.

To, yanzu ni ce. Maƙwabta su kora, su kama, su kayar, su yi allura, amma ƙarfen ɗan gida ne ke ɗora shi. Mama 'yar gari ce, ba ta taɓa riƙe shi ba, ga girkin mutum arba'in a kanta. Ni tun ina sha biyu Baba ya koya mini.

Mama ta sauke kalandar ta koma Afrilu. Ta tambaye ni ko ƙwai biyu zan ci ko uku. Na ce uku.

Juma'a, 25 ga Afrilu, tsakar rana

Za a samu hanya. Kullum ana samu.

Asabar, 26 ga Afrilu, 3:00 na yamma

Mama ta tafi Wyoming tun da sassafe da wankakkun rigunan Baba. Na tsaya a bakin sito ina kallon motar har ta kai kwalta, ta juya gabas. Wyoming kuwa yamma take.

Na kai wa shanu gishiri a filin arewa, littafi a buɗe a kujerar a-kori-kura. Wata saniya mai farin goshi ta zura kai ta taga, na karanta mata yadda ƙoda ke tace jini daga farko har ƙarshe. Ta fi Colby mai da hankali.

Abin da nake so da darasin nan ke nan. A sauran azuzuwa a ba ka amsa ka haddace. Misis Lindqvist ita sai ta ajiye maka sakamakon gwaji ta ce faɗa mini me ya faru a nan, ta naɗe hannu. Wata biyun farko na tsane ta. Yanzu in maraƙi ya yi gudawa ina ganin abin da ke tafiya a cikinsa tun kafin likita ya buɗe baki.

Babi na gaba a kan yadda jiki ke riƙe ɗumi ne, da abin da ke faruwa in sanyi ya fi ƙarfinsa. Na tsallake shi. Wannan na gan shi a Maris, kwana uku a cikin ƙanƙara, ba sai an zana mini ba. Ramin da Baba ya haƙa da tarakta ya binne dabbobin da sanyi ya kashe, ciyawa ta fara rufe shi.

Litinin, 28 ga Afrilu, 5:00 na yamma

Na tsaya bayan aji na gaya wa Misis Lindqvist rana ta haɗu. Ta cire tabarau ta ce akwai zama na biyu bayan mako guda, ga wanda ke da dalili mai ƙarfi. Na ce lalas. Ta yi dariya ta ce masu shirya jarrabawar nan in ka ce musu lalas za su ɗauka sunan cuta ne. Rashin lafiya a gida, ko mutuwa, ko wani abin gaggawa, shi ake karɓa. A rubuta a fam, uwa ko uba su sa hannu, a kai ofishin shugaban makaranta kafin a tashi ranar Juma'a 9 ga Mayu.

Ta miƙo mini fam ɗin, ta riƙe ɗaya gefen ba ta saki da wuri ba. Ta ce, "Akwai abin da za ki rubuta, Tessa?"

Na ce babu, Baba yana Wyoming ne kawai.

Layi biyu ne wurin dalilin. Wadda ke karɓar takardu a ofishin kuwa surukar mai gidan kofi ce. Abin da ya shiga hannunta da safe, kafin rana ta take ya zagaya garin nan har da ƙari.

Laraba, 30 ga Afrilu, 6:40 na yamma

Na je wajen tsoho Orval. Shekara saba'in da huɗu, ya riƙe ƙarfe kafin a haifi Baba, in shi ya tsaya a wutarmu babu mai cewa uffan. Na tsara maganata tun a hanya. Na same shi yana gyaran shinge, na riƙe masa waya, muka yi hirar ruwan sama da farashin ciyawa kusan rabin sa'a, don da shi ba a faɗawa magana kai tsaye. Sannan na roƙe shi ya riƙe mana ƙarfe ranar sha biyu, ina da jarrabawa.

Ya ci gaba da murɗa wayarsa. Ya ce, "Ina Wade?"

Na ce Baba yana Wyoming yana taya Baffa Dale aiki.

"Wyoming sa'a biyar ce a mota, yarinya. Wanda ya tafi taya ƙanensa aiki zai iya dawowa rana ɗaya ya riƙe ƙarfensa."

Na ce aikin ya yi musu yawa. Ya ce to shi bai taɓa ɗora tambarin wani a kan dabba ba alhali mai shi yana tsaye da ƙafafunsa. Ya tambaye ni ko akwai wata maganar. Na ce babu. Ya ce in gaishe da mahaifiyata.

Na sakar masa wayar ba sallama. Ina fata ta kama masa yatsa.

Alhamis, 1 ga Mayu, 7:00 na safe

Tsohon nan busasshen itace ne. Shekara nawa Baba yana kayar masa da maruƙa?

Lahadi, 4 ga Mayu, 4:00 na yamma

A coci mata uku sun tambayi Mama yaushe Baba zai dawo. Ta yi murmushin nan nata na Lahadi ta ce aiki ya riƙe shi, kun san Dale. Ta iya abin har ni kan kusa yarda. Misis Stoltz ta matse mata hannu fiye da yadda gaisuwa ke buƙata.

Ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Wyoming ɗin nan wayarsa ba ta aiki sai Lahadi ƙarfe biyu, minti goma sha biyar. Mama ta miƙo mini, na nuna mata littafi na fita baranda. Wannan ne karo na shida. Ba fushi nake yi ba. Ban san da wace murya zai yi magana ba ne, ta da ko ta Maris, ni kuma ta Maris ba na son in ƙara jin ta.

Na yi tambayoyin gadon halitta guda arba'in, na faɗi biyu.

Talata, 6 ga Mayu, 4:30 na yamma

Cikakken gwaji yau, sa'a uku, da agogo a kan tebur. Ni biyar, Colby huɗu, Renae uku tana kuka. Misis Lindqvist ta ce a shekara goma sha ɗaya da take koyar da darasin nan ba ta ga amsar rubutu irin tawa ba. Na ce na sani. Ta ce wannan ma ta lura.

Fam ɗin yana cikin littafi. Na rubuta sunana da ajina.

Alhamis, 8 ga Mayu, 6:00 na safe

Na nemi mabuɗin kabad ɗin bindigogi don wata yanyawa da ke zagaya kaji. Na manta tun Maris babu komai a ciki.

Juma'a, 9 ga Mayu, 5:30 na yamma

An rufe ofis ƙarfe uku da rabi, fam ɗin yana jakata. Shi ke nan, an wuce wurin.

Na gaya wa Mama a kicin na yanke shawara, lalas zan tsaya. Tana yankan albasar Litinin, ta ajiye wuƙa. Ta ce ban isa ba. Na ce to wa zai riƙe? Ta ce ita. Na ce, "Mama, ke ko ashana sai kin kyasta uku." In aka danna ƙarfen da yawa ya huda fata, in aka sassauta tambari ya ɓace, maruƙa ɗari biyu ne ba biyu ba. Ta ce to a ɗage. Na ce a ɗage zuwa yaushe, Yuli?

Na ce da akwai fam da za ta sa wa hannu, amma lokacinsa ya wuce. Ta tambayi me za a rubuta a ciki. Na kalle ta, ta kalle ni. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba, hawaye na zuba, ta ce albasar bana da yaji.

Ba komai. Sai in yi shekara ɗaya a gida, in ga abin da zai yiwu. Mutane nawa suka yi hakan? Kaina ba zai ruɓe ba.

Juma'a, 7:00 na yamma

Ƙarya nake yi, da komai. Shekara biyu ina tashi biyar na asuba saboda safiyar nan guda ɗaya. Ina son ta fiye da duk abin da na taɓa so, kuma haushin Baba nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Asabar, 10 ga Mayu, 6:00 na yamma

Lalas ɗin su Stoltz. Ni da Colby muka yi kayarwa, shi a kai ni a ƙafar baya. Duk maraƙin da aka jawo sai ya jefo mini tambaya cikin hayaƙi, in amsa kafin a ɗaga ƙarfe. Maraƙi sittin, ban faɗi ko ɗaya ba. Babansa ya ce in mun gama wa'azi mu riƙe dabbar da kyau.

Wajen cin abinci Colby ya ce zai biyo ta gidanmu Litinin ya ɗauke ni. Na ce ba zan je ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Ke wai lafiyarki? Ni da kike ba wa amsa in zauna jarrabawa, ke kina nan kina ƙona gindin saniya?" Na ce ba ruwansa. Ya ce duk da haka zai biyo, shida da rabi, man motarsa ne.

Tsoho Orval yana can ƙarshen tebur yana cin wake. Ya ɗaga mini hula. Na yi kamar ban gani ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, 2:30 na rana

Mama tana waje tana wanke tukwane waya ta yi ƙara. Ni na ɗauka.

Muryar ba ta da ba ce, ba ta Maris ba ce. A hankali yake magana, yana tsayawa a tsakani. Na fara zuba masa labarin igiyoyi da allurai da itacen wuta, komai a shirye, kada ya damu. Ya bari na gama. Ya ce, "Gobe ce jarrabawarki. Takwas."

Na ce eh, amma.

"Wa zai riƙe ƙarfe?"

Na ce ni. Na gaya masa na roƙi Orval ya ƙi. Ya tambayi me na ce wa Orval. Na faɗa masa. Ta bayansa na ji wata nas a can tana kiran sunan wani ya zo shan magani.

Ya ce, "Tess, je ki gaya masa inda nake."

Na ce Mama fa? Ya ce Mama don shi take yi, shi kuma ya gaji da zaman Wyoming. Har ya ɗan yi dariya. Sai aka ce lokacinsa ya cika.

Lahadi, 6:30 na yamma

Na sami tsoho Orval a baranda yana shafa wa sirdi mai. Ban yi hirar ruwan sama ba. Na tsaya a ƙasan matakala na faɗa masa. Jimla uku ce, ba zan maimaita su a nan ba. Tun Maris ban taɓa jin su da kunnena ba, ko daga bakina.

Bai yi mamaki ba. Ya ce safiyar da Mama ta tafi da Baba, shi ne ya bi su a baya da motarsa har kwalta, don hanya da santsi. Ya ce duk kwarin nan an sani, tun makon farko.

Raina ya ɓaci. Na ce to me ya sa ya wahalar da ni kwana goma sha ɗaya?

Ya ce, "Gidanku ya ce Wyoming. In na riƙe ƙarfen Wade a gaban mutane, na ƙaryata mahaifiyarki ke nan, don kowa ya san ba a riƙe wa mai tafiya. Wanda ke kwance ake riƙe wa. Sau biyu na tambaye ki, yarinya."

Na ce sau ɗaya ne. Ya ce biyu, in je in tuna. Ya tambayi ƙarfe nawa ake hura wuta. Na ce biyar da rabi. Ya ce zai zo biyar, Wade kullum wutarsa ba ta yin jar da ake so.

A gida na ce wa Mama Orval ya yarda, gobe zan je jarrabawa. Ta tsaya da tire a hannu. Ba ta tambayi yadda aka yi ya yarda ba, ni ma ban faɗa ba. Ta san abin da yardarsa ke nufi, shekara ashirin tana kwarin nan. Tun lokacin ba ta ce mini komai ba sai "matsa" da "miƙo gishiri."

Litinin, 12 ga Mayu, 6:20 na safe

Tirelolin dawakai sun cika fili. Na miƙa wa Orval ƙarfen da hannuna, a gaban kowa. Babu wanda ya tambayi komai. Fensir huɗu, biro biyu. Ga Colby can yana danna ham kamar ɗan tasha.

Litinin, 7:15 na yamma

Jarrabawar ta zo yadda nake so. Tambayar rubutu ta biyu a kan yadda dabba ke riƙe ɗumin jikinta a sanyi ce, babin da na tsallake. Na zauna minti ɗaya ina kallon ta, sannan na cika shafi biyu da rabi. Sai Yuli sakamako zai fito, amma ni na san abin da na rubuta.

Ɗaya saura muka iso gida. An gama, an saki maruƙa suna neman iyayensu da kuka. Na duba guda goma, tambari ya fito tsaf, ya fi na Baba kyau, amma wannan ba zan gaya wa kowa ba.

An jera tebura a sito, nama da dankali da wake da burodin Misis Stoltz. A al'ada mai gida ke addu'a kafin a ci. Aka cire huluna, aka tsaya, kowa yana jiran kowa. Mama tana bakin ƙofa da butar kofi. Sai Orval ya gyara murya. Ya gode wa Allah don ciyawa da ruwa da maƙwabta, da cewa doki bai taka kowa ba. Ya ɗan dakata. Ya ce, "Ka kuma ba ɗan'uwanmu Wade lafiya a inda yake kwance, ka dawo mana da shi a lokacinka."

Mutum arba'in, ko tari babu. Ban iya ɗaga kai ba, tsoro ya kama ni. Ni na jawo mata wannan a cikin sitonta, a gaban matan coci.

Na ji an ajiye buta a kan tebur. Mama ta ce, "Amin." Ita kaɗai, da ƙarfi. Sannan sauran suka amsa.

Ta zagayo tana zuba kofi, ta zo kaina ta tsaya. Idonta ja. Ta ce, "To, yaya?"

Na ce biyar.

Ta ce, "Ci abinci, sarkin cika baki," ta ɗora hannunta a wuyana, ta daɗe ba ta ɗauke ba.